Na Zaɓi Masu Ajiye Ɓarna

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara maka buɗi a inda kake. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Baba ta yi sauƙi har ya koma tattakinsa na safe. Inna kuwa tana nan tana rigima da tabaraunta, kullum sai ta ce an ɓoye mata shi, alhali yana goshinta.

Yaya, albishirinka. Ka san wata biyar ke nan da na gama koyon aikin injin fere ƙarfe, ina ta yawo da takardu har takalmina ya cinye. To, a mako guda wurare biyu suka kira ni. Na farko babbar masana'anta ce mai ƙera noti, albashinsu ya fi tsoka, ga motar ma'aikata. Inna na jin haka ta ce magana ta ƙare. Na biyu ƙaramin wuri ne mai injuna shida, suna ƙera kayan gyaran famfunan ruwa da aka daina kawo irinsu.

Kai ka koya min cewa gani ya kori ji, don haka na je na duba da idona. A babbar masana'antar komai fes. Mutumin da ya zagaya da ni shekararsa goma sha ɗaya a kan inji ɗaya. Na tambaye shi yadda yake saita shi, sai ya yi dariya ya nuna min akwatin saitin a kulle da kwaɗo. Ya ce makullin yana hannun injiniya, shi nasa ya ɗora ƙarfe, ya danna, ya cire, kuma bai taɓa ɓata ko ɗaya ba. Nan take na hango kaina da furfura a gaban kwaɗon nan, ban ƙaru da komai ba.

A ƙaramin wurin kuwa shugabar wata dattijuwa ce da suke kira Uwar Awo, saboda ma'auni ba ya barin aljihunta. Ta miƙo min zane da sandar ƙarfe, ta ce in saita injin da kaina. Ɗoki ya kwashe ni, na fara ferewa, na auna sandar tun tana da zafi, na ga da saura, na ƙara ferewa. Da ta huce ta tsuke, sai ga ta ta gaza awo da kamar kaurin gashi. Kunya ta rufe ni, amma na kai mata na faɗi laifina kafin ta zaro ma'auninta.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ja ni zuwa wata kanta cike da ɓatattun ƙarafa, kowanne ɗaure da 'yar takarda mai sunan wanda ya ɓata da dalilin ɓarnar. Nata ne a farko, har ya yi tsatsa. Ta nuna min biyu da masu su yanzu suke da wuraren kansu, da wani na mutumin da zai koya min injin da kwamfuta ke sarrafawa. Ta ce duk wanda ba shi da ƙarfe a kantar nan, to ba a taɓa barinsa ya riƙe inji ba ne.

Su na zaɓa, Yaya, kuma farin cikina ba ya misaltuwa. Inna ta yi min fushin kwana biyu, Baba ya lallashe ta da cewa sannu ba ta hana zuwa. Yanzu ita ce ma ta ɗinka min aljihun ma'auni a rigar aiki.

Ka gaida Anti, da 'yan biyu, da Kawu idan ya leƙo. Goggo da Auta suna gaishe ku. Ka tuna sunan da ka laƙaba min ranar da na wargaza rediyonka na kasa haɗawa? Shi na rubuta a takardar da na ɗaura wa ƙarfen da na ɓata, yana can a kan kanta kusa da na Uwar Awo.

Ƙanwarka,
Sarkin Ɓarna