Ƙadangare Marar Kai a Ƙotar Bindiga

Litinin, 9 ga Nuwamba, 1987
Nkwain, ɗan marigayi Bobe Ngam, ya iso daga Duwala da takalmi mai ƙyalli. Bikin mutuwar ubansa saura mako shida, kuma babban ɗa ba ya shiga fili sai da bindigar ɗure ta kansa, ya harba wa uban. Maƙeri ya gama bututun, ƙotar ce aikina. Na ɗauka furanni zai ce in sassaƙa masa, irin na gadajen 'yan birni, har na tanadi faɗan da zan yi masa. Sai ya kwance wani tsumma: guntun tsohuwar ƙota, baƙi ƙirin da kunkunniya. Ta kakansa ce, wai a saman rufi ya same ta, bayan damman masara.
"Bobe Tosam, irin wannan nake so. Kada ka ƙara, kada ka rage."
Shekara arba'in ina jiran mai faɗa mini haka. Na ce masa ai ba a yi wa kakanni ƙarya da wuƙa.

Alhamis, 12 ga Nuwamba
Na wanke guntun da manja. Aikin mutanen dā, wayyo! Babu damisa, wannan ta gidan sarauta ce. Babu kwaɗo. Ƙadangaru uku ne a jere suna hawa zuwa wajen kunamar bindiga. Na ukun ba shi da kai. Ba karyewa ya yi ba, wuƙa ce ta ɗauke shi sumul. Ban taɓa ganin irin wannan salo ba, kuma na ji daɗi da na gano shi.

Asabar, 21 ga Nuwamba
Itacen maɗacin da na ajiye don ƙotar ya bushe yadda nake so. Na fitar da siffa da gizago.

Laraba, 2 ga Disamba
Ƙadangaru biyu sun fito. Matata Fien ta kawo tuwon masara rumfata, ta tsaya tana kallon guntun. Ta ce ita abin ba ya kwanta mata, me ya sa aka ɓoye shi a rufi maimakon a rataye a bango? Na ce, mace, ki bar mini itace in bar miki tukunya. Ta ce to, masanin duniya. Amma da ta tafi na mayar da shi cikin tsummansa.

Juma'a, 11 ga Disamba
An gama. Na ukun na yanke masa kai daidai inda aka yanke na dā. Na aza sabuwa kusa da tsohuwa, ni kaina sai da na yi wa kaina kirari.

Lahadi, 13 ga Disamba
Da na sani ban kai ta ba.
Bayan coci na biya wa tsohuwa Nawain Fulai da ƙotar, don ita kaɗai ta rage da ta ga kakan Nkwain da idonta. Yabo nake nema, gaskiya ke nan. Idonta ya tafi, sai ta bi ƙotar da yatsa. Ɗaya, biyu. Da ta kai na uku ta janye hannu kamar ta taɓa garwashi, ta tofar da goron bakinta.
"Ɗana, wa ya sa ka?"
Ashe ƙadangaren na uku da kai aka sassaƙa shi. Dattawa ne suka yanke daga baya, abin da ake yi wa bindigar da ta sha jinin gida ke nan. Kakan Nkwain ya harbe ƙanensa a kan gonar tukurwa ta bakin rafi. Aka yanke kan ƙadangaren, aka karya ƙotar, gida biyu suka sha bammi a ƙaho ɗaya, aka rantse ba za a sake fito da ita rana ta gani ba. Wanda aka kashe ya bar jariri. Jaririn shi ne Bobe Diangha na ƙetaren rafi, mai 'ya'ya maza bakwai, kuma duk za su zo bikin da bindigoginsu.
Ni da nake gyara wa kowa zance a kan aikin dā. Na kwaikwayi tabo ina cewa ado ne.

Litinin, 14 ga Disamba
Na sami Nkwain yana sa a kafa rumfuna. Na ja shi gefe na faɗa masa. Bai ko yi mamaki ba, wannan ne ya tsorata ni.
"Bobe, kai fa ka ce ba a yi wa kakanni ƙarya."
Na ce ƙarya daban, tono daban. Ya yi dariya, ya ce tun rasuwar ubansa mutanen ƙetare suke sarar tukurwarsu, gara su tuna. Ranar Juma'a zai aiko a karɓa.

Laraba, 16 ga Disamba
Na sassaƙa ɗan kai, kamar ƙwayar gyaɗa, na kafa shi da ƙusar gora da ƙaro. Ya zauna. Daga taku uku ba mai ganewa. Amma ni ina ganin layin haɗin, kuma duk masassaƙin da ya riƙe ta zai ce Tosam ya yi faci. Na yini ina juya ta a rana.

Alhamis, 17 ga Disamba
Na cire. Ko na bari ma Nkwain zai ɓamɓare shi, haka nake gaya wa kaina. Fien ba ta yi mini magana ba yau.

Asabar, 19 ga Disamba
Fili ya cika, hayaƙin albarushi har rana ta dushe. Nkwain ya shigo yana rawa, ya ɗaga bindigar sama da hannu biyu, ƙotar tana fuskantar rumfar mutanen ƙetare. Harbinta ya fi na kowa ƙara. Mutane sai tambaya suke aikin wa ne.
Bobe Diangha ya ce a miƙo masa ya gani. Ya daɗe yana kallo, babban yatsansa a kan wuyan na uku. Ya mayar da ladabi. Aka zuba masa bammi, ya kife ƙahon a ƙasa, ya tashi. 'Ya'yansa bakwai suka bi shi. Ba wanda ya harba a cikinsu, da ɗurinsu suka koma gida.

Talata, 22 ga Disamba
Ba abin da ya faru. Mata sun daina zuwa rafi su kaɗai.

Litinin, 28 ga Disamba
Timngum, babban ɗan Bobe Diangha, ya zo da hantsi da gungumen itace a kafaɗa. Ya gaishe ni da kyau, ya ce uban yana yaba hannuna.
"Bobe, an ce ba wanda ya kai ka sanin aikin dā. Mutanen dā, me suke sassaƙawa a kan bindigar da za ta ba da amsa?"
Na sani. Babana ya taɓa zana mini shi sau ɗaya a ƙasa, ya shafe da ƙafa. Ban taɓa ganinsa a itace ba, ba kuma mai rai da ya gani.
Na ce na manta. Ya ce ba gaggawa, tsufa ne, zai dawo mini. Ya jingine gungumen ya tafi.
Gobe zan sa a mayar masa. Itacen dai yana da kyau, ba gaɓa ko ɗaya. Ban taɓa shi da wuƙa ba. Aunawa kawai na yi.