Abokan Wasan Yayana Ba Su San Ya Rasu Ba

Anti Radiyya, don girman Allah ki taimaka mini kafin ranar Asabar. Na kasa gaya wa kowa a gida, ni kuma ko a makaranta ba mai magana ba ce, shi ya sa na rubuto.

Shekaruna goma sha shida, muna zaune a Gwallameji. Yayana Ikrima ya rasu wata huɗu da suka wuce. Sikila gare shi, don haka yawancin rayuwarsa a ɗaki ya yi ta. Akwai wata tsohuwar kwamfuta mai ƙatuwar ƙeya da Baba ya sayo a gwanjon ofis tun ba a haife ni ba, kowa ya ce ta mutu. Yaya ya bi kasuwar Wunti yana tsinto kayanta ɗaya bayan ɗaya har ta tashi. Ranar da ta kawo haske sai da ya kira Umma daga kicin ta zo ta gani. Fankarta tana ƙara kamar keken ɗinki, amma shi cewa yake babu sautin da ya fi masa daɗi.

A kanta yake buga wani tsohon gem na intanet da wasu masu son tsofaffin kwamfutoci suka farfaɗo da shi. Kowa yana da jaruminsa, ana haɗuwa a shiga daji da koguna ana yaƙar dodanni. Gem ɗin ba shi da tausayi ko kaɗan: idan jaruminka ya mutu, ya mutu ke nan, ba a dawo da shi. Yaya ya shekara uku yana rainon nasa, mai ɗaukar garkuwa ne, shi ke shiga gaba ya tare wa sauran duka. Ni dai ina gefen katifa da littafin soyayyata, ina karatu ina satar kallo. Yakan tsokane ni wai jaruman littattafaina ban da kuka da tuƙa mota ba abin da suka iya.

Bayan sadakar arba'in na kunna kwamfutar, don kawai in ji ƙarar fankar. Ashe bai fita daga gem ɗin ba. Sai ga saƙonni daga abokan tafiyarsa uku, Paul a Kaduna, Badruddeen a Maiduguri, da Marvellous a Fatakwal. Ba su taɓa ganinsa ba, rubutu kawai suke yi wa juna, ba su ma san yana da ciwo ba. Paul ya rubuta: "Kai mai garkuwa, aure ka yi ne ka manta da mu?"

Anti, wallahi niyyata in faɗa musu. Amma hannuna ya rubuta cewa na ɗan yi tafiya ne. Tun daga ranar, kullum na dawo makaranta in akwai wuta sai in shiga a matsayin Yaya. Ina kwaikwayon yadda yake rubutu, har gajarta kalmomin da yake yi. A wurin nan kaɗai ake kiransa ba tare da an ƙara "Allah ya jiƙansa" ba. A littattafan da nake karantawa, wanda aka ce ya mutu a hatsari yakan dawo a babin ƙarshe da tabo a goshi. Na san ƙarya ce, amma in na shiga gem ɗin sai in ji kamar babinmu bai ƙare ba.

Ga wani abu kuma, kada ki yi mini dariya. Da farko duk shafin da na buɗe tallan kayansa nake gani: kayan gyaran kwamfuta, rigar ƙwallo, karatu a ƙasar waje da ya yi ta mafarkinsa. Da na fara neman littattafaina a kai, sai tallan ya soma juyawa, yau mayafi, gobe zanen lalle. Ranar da na buɗe ban ga nasa ko ɗaya ba na yi kuka kamar ranar jana'iza. Har kwamfutar da ya tasa da hannunsa ta fara mantawa da shi, kuma ni na jawo. Yanzu nakan zauna in yi ta neman kayan gyara da ban san amfaninsu ba, don dai tallansa ya dawo.

Matsalar ita ce ban iya wasan ba. Ina raɓewa a baya, ina kawo uzuri. Badruddeen ya fara tambaya ko lafiyata ƙalau, wai hannuna ya canza. To ranar Asabar da la'asar za su shiga wani kogo da suka shekara suna shiri a kansa, kuma ba ya shiguwa sai da mai garkuwa a gaba. In na shiga, na san jarumin Yaya zai mutu a hannuna, ƙila in jawo nasu ma su mutu. In na faɗi gaskiya, za su tsane ni, kuma wurin nan ɗaya da yake raye ya rufe. Ko in kashe kwamfutar kawai in ɓace, su ɗauka shi ya guje su? Wannan ma ba zan iya yi masa ba. Anti, ya zan yi?

Ƙanwar Mai Garkuwa, Bauchi

*

'Yata, Allah ya jiƙan Ikrima, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, ya ba ku haƙuri.

Ban yi miki dariya ba. Wata uwar takan shekara ba ta wanke rigar ɗanta, ke kuma kwamfuta kika samu. Ba mugunta ta sa ki amsa saƙon farko ba, kewa ce. Sai dai mu duba ɗaya ɓangaren. Mutum uku suna can suna zolayar abokin da ke cikin kabari, ba su sani ba. Kin hana su yi masa addu'a, kin hana su jimaminsa, alhali haƙƙinsu ne, kuma haƙƙinsa ne. Ga wahalarsu ta shekara guda a kan kogon nan da za ki jefa cikin haɗari.

Kada ki shiga kogon nan, kuma kada ki ɓace. Ki rubuta musu kafin Juma'a, a taƙaice: yayanki ya rasu a wata kaza, ke ce kike amsawa tun lokacin, kin ji tsoron rasa shi sau biyu, su yafe miki. Batun ciwonsa kuwa, tunda shi bai faɗa ba, ba dole ki faɗa ba. Ba zan yi miki alkawarin ba wanda zai yi fushi ba. Ƙila wani ya yi, kuma yana da hujja. Ki bar shi ya huce.

Kafin nan ki gaya wa Umma, ki rubuta saƙon tana kusa. Ke yarinya ce, su kuma manya ne da ba ki sani ba, komai kirkinsu. Ina kuma zaton ita ma tana jin ƙarar fankar nan daga tsakar gida tana haɗiye nata kukan.

Jarumin ki ajiye shi a inda ba a yaƙi. Ki ɗauki hotunansa da na hirarrakinsu a waya, ki sa mai gyara ya kwafe abin da ke cikin kwamfutar, don tsohuwar na'ura ba ta sallama in za ta tsaya. In wasan ya shiga ranki, ki fara naki jarumin daga matakin farko, da izinin Umma, ki faɗi ki tashi da sunanki.

Talla kuma, 'yata, ba ta taɓa sanin Ikrima ba balle ta manta shi. 'Yan kasuwa ne ke bin sawun abin da aka nema don su sayar, ba ruwansu da wanda ke zaune a kujerar. Ki nemi littattafanki hankali kwance. Waɗanda suka san shi da gaske su ne ku a gida, da mutanen nan uku da ya shekara uku yana tare musu duka. Kina tsoron gaskiya ta rufe wurin da yake raye, amma a yanzu ke kaɗai ce a cikinsa kina magana da muryarsa. In kin faɗa, za su iya ba ki labarinsa da ba ki taɓa ji ba.

Allah ya ba ki ƙarfin hali, ya sanyaya zuciyarki, ya haɗa ku da yayanki a inda babu ciwo.

Anti Radiyya