Taliyar Saratu

Bodinga, Jihar Sakkwato

Zuwa ga ƙanwata Bahijja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ki lahiya, ke da maigidanki Ladan da yara, ya sauƙaƙa muku zaman Fatakwal. Mu muna nan. Shago a buɗe yake, albasa ta yi kyau bana. Masu zuwa gaisuwa sun ragu, kwanonin da maƙwabta ke aikowa tun rasuwar matata Saratu ma sun tsaya. Na ga kiranki ban ɗauka ba. Ba fushi ba ne, in na ɗauka ban san abin da zan ce ba.

Maganar ɗiyata Mufida ce. Tun da aka kai uwarta, yarinyar ga ba ta cin komai sai ruwan shayi. Tuwo, shinkafa, fura, duk kau da kai take. Kakarta ta wajen uwa, Inna Mairo, ta zo daga Dandin Mahe ta ce namiji ba ya riƙon ɗiya mace shi kaɗai, in ba ta fara ci ba za ta tafi da ita. Har kaya ta haɗa mata a jaka. Ban yi musu ba. Kin san ni, daga dakon buhu a kasuwar Shagari na tashi har na gina gidan ga, ban taɓa roƙon kowa ba. Amma in aka ɗauke Mufida, ban san me zai riƙa maido ni gida ba.

Sai na tuna taliyar da kika koya wa Saratu, wadda ake dafawa da kaza da madara a tukunya guda. Ita ce Mufida ke suɗe kwano a kanta. Na shiga madafa, wurin da ko ashana ban san inda take ba. Na ce kazar gona ba ta shiga gidana, na aika yaron shagona Horo Birnin Sakkwato aka kawo mini ƙosasshen zakaran gida. Na zuba shi da taliya da albasa da madara gaba ɗaya, tunda an ce tukunya guda. Taliya ta narke kamar kunu, madara ta tsinke, zakara kuwa haƙori bai shiga. Inna Mairo ta leƙa ta ce ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci. Na zubar, na wanke tukunya. Ban ji kunya ba. Ban ji komai ba.

Washegari ina shirin sakewa, Mufida ta zo ta tsaya bakin ƙofa. Ta ce Mamanta ba haka take yi ba. Wai kazar gona take saye, tana ɓoye mini don kada in yi faɗa. Sai ta soya ta da albasa tukuna, sannan ruwa da taliya, madara kuwa sai an janye itace. Tun ranar jana'iza ba ta yi magana mai tsawon wannan ba. Da kaina na je kasuwa. Mai kajin ya ce yau Alhaji ya sauko, na ce ya fige kawai. Ita ta riƙe ludayi, ni na kula da wuta. Ta ci rabin kwano a tsaye, ta ce gishiri ya yi yawa.

Inna Mairo ta koma Dandin Mahe ita kaɗai. Ta ce za ta dawo bayan addu'ar arba'in ta ga jikin yarinyar, sannan ta yanke. Yanzu kullum taliyar nan muke ci, ni ko ɗanɗanonta ba na ji.

Abin da nake nema wurinki ƙarami ne. Mufida ta ce akwai abu guda da Mamanta ke barbaɗawa a ƙarshe, mai ƙamshi. Mun buɗe duk gwangwanayen madafa mun shinshina, ta ce ba shi ba ne. Ke kika koya mata. Don Allah ki tuna, ki rubuto mini sunansa. Saratu kam ba zan iya tambayarta ba.

Ki gaida Ladan, da Khalid da Sumayya. Mufida na gaishe ki. Allah ya jiƙan Saratu.

Yayanki,
Mijinyawa