Shirun Benen Mata

Zongo, Lome

Zuwa ga ƙanena abin alfaharina, Alhaji Sabi'u,

Gaisuwa mai ƙamshin turare, da fatan alheri adadin raƙuman ruwan tekun Lome. Ina lafiyarka, ina iyali, yaya sanyin ƙasar baƙi? Mu nan sai godiyar Allah.

Bayan haka, lasifikoki marasa waya da ka aiko wa masallacinmu sun iso. Wani injiniya daga unguwar Totsi ya kafa su a hawa ukun masallacin, ya ajiye akwatin da ke haɗa su bayan mumbari. Huɗubar liman tana kaiwa ko'ina tangaram. Amma duk Juma'ar da na miƙe bayan salla zan rera marsiyyar Baba, sai lasifikar benen mata ta yi tsit, alhali can Inna take zama.

Injiniya ya ce, "Malam, kankare ne ya yi kauri, rizo, wato sigina, ba ya ratsawa."

Na ce, "Ɗana, wane irin kankare ne mai barin huɗuba ta wuce, ya tare waƙa?"

Ni dai na lura Ladan Garba, wanda ya sha cewa baitocina sun cika tsawo, shi ke zama gindin soket ɗin akwatin, da cajar wayarsa a hannu. Ban kama shi ba, amma zuciyata ba ta wanke shi ba.

Inna ƙarfi yana ƙarewa, kuma har yau ba ta ji baiti ɗaya ba. Juma'a mai zuwa a kan matakala zan tsaya in rera da muryar da Allah ya ba ni, wadda ba mai iya zare ta daga bango.

Ka sa mu a addu'a. A gaida Hajiya da yara.

Yayanka,
Malam Tanimu