Ƙwaryar da Kika Zuba wa Allurata

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ɗa ga mahaifiyarsa, da fatan Allah ya sa kina cikin rahamarsa. Ɗanki Habu ne, mai shagon atamfa a kasuwar Tanut.

Ina yi miki albishir, masanan rumfarmu suna nan, ilimi sai gaba yake yi. Malam Ilu mai goro har yau babu ciwon da bai san asalinsa ba, ko da yake bai taɓa taka ƙofar asibiti ba sai don gaida mara lafiya. Allah ya bar mana su. Da na bi shawararsu, da na riga ki tafiya.

Kin tuna shekarar da ta biyo bayan babban fari, da na rame kamar kara, ina shan ruwa kamar raƙumin da ya sauko daga arewa. Ke kika fara lura tururuwa na taruwa a bayan ɗaki inda na tsuguna. Lokotoro, wato likitan asibitin Damagaram, ya ce ciwon suga ne, kuma allura kullum har ƙarshen rai. Na dawo da 'yan kwalabe, Malam Ilu ya juya ɗaya a hannu, ya sanar da rumfa cewa daga cikin alade ake tatso ta. Abin haushi, a wannan karon bai yi ƙarya duka ba. Kika ce alade ba zai shiga jinin da kika shayar ba. Malamin unguwa ya ce lalura ta halatta, kika ce ya je ya halatta wa nasa ɗan. Na ajiye allura, na koma saiwoyi, idona ya fara ganin hazo tsakar rana.

Sai ga saƙo daga Sani ɗan ƙanwarki, wanda ya yi nisa a karatun lakwal har ya tsallaka teku. Direban kamyo, babbar motar kaya, ya kawo 'yan kwalabe da takarda. Sani ya rubuta cewa wannan sabuwa ce, babu alade, babu saniya. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, aka sa musu umarnin da jikin mutum ke bi wajen yin maganin, su kuwa suka duƙufa suna yi. Rumfa ta ɗauka: an bar alade an koma ƙwayar cuta. Malam Ilu ya ce damina ɗaya ta rage mini a duniya.

Ke kuwa sai da kika sa na karanta miki takardar sau biyu. Kika dubi ƙwaryar da kike kwantar da madarar da Fulani ke kawo miki, wadda kullum kike ɗiga wa cokali ɗaya na nonon jiya. Kika ce, "Ashe kiwo suke yi. Ni ma abin da ke kama mini madara ban taɓa ganinsa ba, kuma tun ina amarya muke tare." Da hannunki kika riƙe mini riga na tsira allurar farko. Da hannunki kika haƙa rami a jiƙaƙƙen yashin gindin randa, kika binne kwalaben don kada zafin Damergu ya lalata su. Na taɓa gaya wa lokotoro dabarar, ya rubuta ta a littafinsa.

Yanzu sai abin da kika hana ni faɗa. Ki yi haƙuri, Inna, zan faɗa.

Damina ta yanke hanya, kamyo ya makara, saura mini kwalba ɗaya, ita ma ta kusa ƙarewa. Na dawo daga kasuwa na tona yashi, na samu kwalbar fanko. Kina zaune gefen sabuwar ƙwarya da kika rufe da faifai, fuskarki cike da murna. Kin juye ragowar cikin madara mai ɗumi, don halittun su hayayyafa, ɗanki ya daina jiran direba. A duk rayuwarki ba ki taɓa barin iri ya ƙare a gidanki ba, na gero ko na nono.

Kwana biyu ina neman motar Damagaram, na isa ana riƙe da ni. Da na farfaɗo lokotoro ya yi miki bayani a hankali, cewa babu mai rai a cikin kwalbar, abin da aka tatsa ne kawai. Kika ce, "To nonon suka aiko, suka riƙe saniyar." Ya yi dariya, ke ba ki yi ba. Tun daga ranar ba ki ƙara taɓa kwalba ba sai kin kira ni, kuma kullum sai kin sa Sani da makiyayan nan da ba ki sani ba a addu'arki.

Ban taɓa ce miki na gode ba a kan ƙwaryar nan. Na yi fushi, na yi gunaguni. Sai da na tsufa na gane cewa ke kaɗai ce a garin nan kika ji labarin abin kika nemi ki yi mini kiwonsa. Na gode, Inna. Na aurar da jikokinki, ƙafafuna biyu suna nan, idona yana zura zare. Sani ya ce har wani zaƙi da ba sukari ba ake koya wa halittun nan su yi. Na ce in sun ƙware a tuna da ni, shayina ya gaji da ɗaci.

Allah ya sanyaya makwancinki kamar yadda kika sanyaya mini yashin nan. Allah ya yafe miki, ya yafe mini fushin kwana biyun, ya haɗa mu inda babu allura.

Ɗanki da kika riƙe wa riga,
Habu

Na manta ban gaya miki ba. Malam Ilu ya kamu da suga bara. Kullum da safe yana zuwa shagona in tsira masa, kuma bai taɓa tambayar abin da ke cikin kwalbar ba. In tuna masa?