Takalmin Taya Daidai Ƙafar Bilki

Agege, Legas.

Yaya Asabe,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya gwiwar Inna? Mu nan sai godiya.

Saƙonki ya iso, wai in ƙwace takalmin tayar da autata Bilki ke wasa da shi tunda ta gurɗe. Ki yi haƙuri Yaya, ba zan ƙwace ba.

Laifina ne. Na sayo mata irin sayen da Inna ke yi mana na takalmin sallah, babba, a cusa tsumma, wai za a girma a ciki. Tana tsallake lambatu ƙafar ta juya.

Da ta warke muka hau motar haya ta danfo zuwa kasuwar Oshodi wajen 'yan gwanjo. Mai kayan ya miƙo wani ƙaton takalmin taya, ya ce, "Hajiya, wannan zai yi mata shekara uku." Na ce, "Oga, ƙafar bana na kawo maka, ba ta baɗi ba." Muka zaɓi marar nauyi mai riƙe idon sawu gam.

Jiya ta yi tsalle, ta juya a sama, ta dire lafiya, matan layinmu masu cewa ba wasan mace ba ne suna leƙe. Na rangaɗa guɗa.

Kin tuna ranar da aka sauke ni daga keken Baba da bulala? Har yau ban iya keke ba. Bilki kam ba mai sauke ta.

Ki sa mu a addu'a, ki gaishe min da Inna.

Ƙanwarki,
Ladi