Yatsa na Shida

Daren Laraba, Bagudo

Yau dai na samo kakana. Wata biyu ke nan ina yawon takardar shaidar asali don makarantar ƙanwata Safiya, kuma duk inda na je sai an ce ai gidanmu daga tsallaken Benin muka shigo. Na san ba haka ba ne, hujja ce ba ni da ita.

Limamin Kende ya ba ni tsohon littafin ajami da mahaifinsa yake rubuta raɗin suna a ciki. Sau uku na bi littafin ina neman sunan kakana, Abubakar ɗan Hamidu, babu. Na dawo gida rai a ɓace, na zauna gaban Kaka na ce ko yana da wani suna.

Ta harare ni. “Ban hwaɗi sunanai ba yana raye, sai yanzu don takarda?”

Na yi ta lallashi. Can sai ta ɗaga hannun hagu, ta taɓa gefen ƙaramin yatsanta, ta kau da kai. Yatsa shida! Cindo ke nan.

Bayan la'asar na koma Kende a babur. Ga shi nan ɓaro-ɓaro: Cindo ɗan Hamidu, an raɗa masa suna a unguwar masunta. Liman ya ce zai raka ni gun hakimi.

Gobe Safiya za ta samu takardarta, in sha Allahu. Kaka kuwa har yanzu ba ta faɗi sunan mijinta ba.